Babi na Biyar: Dirhamin Samarƙandi a Gonakin Turai

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin zakka ya san dirhami da suna. Ya san nisabin azurfa dirhami 200 ne, ya san mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami 3. Amma 'yan kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin dirhamin da idonsu, kuma wanda ke son ganinsa jibge ba sai ya nufi Bagadaza ko Bukhara ba. Tulin dirhaman ƙarni na 9 da na 10 da ke hannun masana a yau sun fi fitowa ne daga ƙarƙashin ƙasar Rasha da Suwidin da sauran ƙasashen da ke kewaye da tekun Baltik, inda aka tono su dubun dubata. A da garmar manomi ce ko shebur ɗin mai haƙa rami ke cin karo da su. Daga shekarun 1970 zuwa yau kuwa, na'urar gano ƙarfe ce ke kan gaba, wadda mutane ke saye da kuɗinsu su shiga gonaki da ita ranakun hutu.

Na'urar ba ta da wani sirri. Sanda ce mai faifai a ƙasa, cikin faifan akwai naɗaɗɗiyar waya da ke tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe sai ƙarfen ya mayar da martani, mai na'urar ya ji ƙara a abin da ya toshe kunnensa da shi. Ga abu ƙarami kamar sule, ba ta cika jin abin da ya wuce zurfin kamu ɗaya ba. Galibin abin da take tonowa murfin kwalba ne da ƙusa da gutsuren gwangwani, sai jefi-jefi a dace da wani sule mai rubutun Larabci ko na Sinanci. A nan ne hankalin mutane ke tashi, jaridu su ɗauka, a shiga tambayar nawa zai yi a kasuwa da kuma shekara nawa ya yi a duniya. Ni a ganina duka tambayoyin biyu ba su ne manya ba. Sule yana iya faɗin inda aka buga shi da lokacin da aka buga shi, amma ba ya iya faɗin wanda ya kawo shi inda aka same shi, ko yaushe, ko don me. Wannan amsar tana wurin ƙasar da ya kwanta a ciki da abubuwan da suka kwanta tare da shi, kuma amsa ce da ake iya shafewa har abada da sara ɗaya na shebur.

Babu kuɗin da ya kai dirhami bayyana kansa. Tun gyaran da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi a ƙarshen ƙarni na 7, aka daina sa hoton sarki a kuɗin Musulunci, aka koma rubutu zalla. Dirhami faifan azurfa ne siriri da nauyinsa ya kusa giram 3, tsakiyarsa kalmar shahada, gefensa kuma layin rubutu da ya zagaye shi yana faɗin garin da aka buga shi da shekarar Hijira. Kuɗin Turai na wancan zamani ba sa ɗauke da shekara, don haka masanan tarihin arewacin Turai suke riƙe da dirhami hannu bibbiyu: shi ne kalandarsu. Hanyar da ya bi ma sananniya ce. Fataken arewa, waɗanda Larabawa suka kira Rus, Turawan yamma kuma suka san danginsu da sunan Baikin, suna gangarowa ta kogunan Rasha da fatun dabbobi masu laushin gashi da takubba da bayi, su koma da azurfa. A shekarar 922 Ahmad ɗan Fadlan, wanda ke cikin tawagar da Halifa Muƙtadir ya tura wa sarkin Bulgar na bakin kogin Bolga, ya gan su da idonsa, ya kuma ba da labarin cewa idan dukiyar ɗayansu ta kai dirhami dubu 10 sai ya ƙera wa matarsa abin wuya guda, in ta ƙaru da wasu dubu 10 ya ƙara mata wani. A lokacin daular Samaniyawa ce ke buga mafi yawan wannan azurfa, a Samarƙandi da Shash, wato Tashkent ta yau, da Balkh da Andaraba, kusa da ma'adinan kwarin Panjshir a Afganistan.

A watan Yulin 1999, a wata gona da ake kira Spillings a tsibirin Gotland na Suwidin, wasu ma'aikatan talabijin suka zo ɗaukar shiri a kan ɓarayin kayan tarihi, tare da masana biyu, Jonas Ström da Kenneth Jonsson. Bayan an gama ɗauka masanan suka ci gaba da zagaya gonar da na'urarsu, sai ta yi ƙara mai ƙarfi a wuri ɗaya, sannan a wani wurin da bai fi taku kaɗan daga na farko ba. Abin da ke ƙasan shi ne tarin azurfar zamanin Baikin mafi girma da aka taɓa samu: kilo 67, cikinsa sulalla sama da 14,000, kusan dukkansu dirhamai, da mundaye kusan 500, ga kuma wani rami na uku mai kilo 20 na tarkacen tagulla. Da a ce masu neman na kai kasuwa ne suka riga su, da an kwashe cikin buhu a dare ɗaya. Sai aka killace wurin, aka bi shi a tsanake, har aka ɗauke wani sashe da ƙasarsa dunƙule zuwa ɗakin bincike aka riƙa ɓare shi hawa-hawa.

Abin da wannan haƙuri ya haifar ya fi azurfar daraja. An gano cewa a ƙarƙashin daɓen katako na wani gini aka ɓoye dukiyar, ba a daji ba. An ga an ɗaure mundayen ƙulli-ƙulli bisa awo, abin da ke nuna cewa masu ita ba ƙirga ta suke yi ba, auna ta suke yi a ma'auni. Dirhamai da yawa an datse su biyu ko huɗu, wasu an ɗan yanki gefensu da wuƙa don a tabbatar azurfa ce har ciki, domin mutanen nan ba sa karanta Larabci, sunan halifa bai dame su ba, nauyi da tsabta suke nema. Sule mafi tsufa a tarin na Farisa ne na daular Sasaniyawa, an buga shi a 539, kafin haihuwar Annabi (SAW). Mafi sabunta kuma na wajen 870 ne. Kenan sama da shekara 300 ne tsakanin abubuwa biyu da aka binne a wuri ɗaya. Da tsohon sulen kaɗai aka tsinta a gefe, da an yi kuskuren ƙarni uku wajen ƙiyasin zuwansa. Sabon sule ne ke faɗin lokacin da ba za a ce an binne tarin kafinsa ba, shi ma ba a gane shi sai tarin na nan cikakke. A cikin dubban nan kuma aka zaƙulo wani sule guda da aka buga a ƙasar Khazar wajen 837 ko 838, an kwaikwayi dirhami amma an ƙara masa ambaton manzancin Annabi Musa, wanda ya zama ɗaya daga cikin hujjoji na zahiri cewa sarakunan Khazar sun karɓi addinin Yahudu. Wanda ke sayar da dirhami a kan awo ba zai taɓa lura da wannan layin rubutu ba.

Sulallan ƙasar Sin sun fi dirhami yaudarar mai tsintuwa. Na tagulla ne, zubi ake yi musu ba bugu ba, da huji a tsakiya kamar anini da kwabon zamanin Turawa, sai dai nasu hujin mai kusurwa huɗu ne, ana zura su a igiya ɗari-ɗari har dubu. Rubutun fuskarsu haruffa huɗu ne, cikinsu har da laƙabin zamanin sarkin da aka zuba su a cikinsa. Masu na'ura a Ostareliya da yammacin Amurka da Kanada suna yawan tono irinsu, galibi na zamanin Sarki Kangxi, wanda ya yi mulki daga 1661 zuwa 1722, ko na Qianlong, daga 1735 zuwa 1796. Duk lokacin da aka samu ɗaya sai wani ya fito ya ce ga shaida Sinawa sun riga Turawa isa wurin. Amma a ƙasar Sin ba a janye tsohon sule idan sabon sarki ya hau. Na Kangxi yana yawo a kasuwa shekara 200 bayan zubinsa. Sinawan da suka yi tururuwa zuwa haƙar zinariya a Kalifoniya da kuma Ballarat da Bendigo na Ostareliya a shekarun 1850 sun tafi da su, ba don su yi cefane da su ba, sai don ƙirge a wajen caca, da rataya a matsayin laya, da ado. Kakanninmu ma sun ga irin wannan. Dalar azurfa ta Mariya Tereza, wadda fatake suka yi ciniki da ita a Borno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19, tana ɗauke da shekarar 1780 ko da an buga ta shekara 100 bayan haka. Wanda ya tono ɗaya a kufai ya ce tun 1780 take nan, ya karanta rubutun daidai amma ya ɓata tarihin.

Akwai lamarin da ya fi wannan wuya. A Ingila an rubuta tsintuwar sulalla biyu na daular Song ta Arewa, ɗaya a yankin Cheshire wanda aka zuba a wajen shekarun 1070, ɗaya kuma a Buriton ta yankin Hampshire, na tsakanin 1008 da 1016. Hukuncin farko da aka yanke wa na Cheshire shi ne cewa wani mai tara tsofaffin kuɗi ne na zamaninmu ya yar da shi. Masaniyar tarihi Caitlin Green ta ce a dakata. Daular Song ta zuba biliyoyin sulalla a shekara a lokacin ganiyarta, sun kuma ci gaba da yawo daga Japan har gaɓar gabashin Afirka ɗaruruwan shekaru. A Winchester, wadda ba ta da nisa da Buriton, an tono gutsuren tangaran na Sin a shimfiɗar ƙasa ta ƙarni na 14. A 1287 ma Rabban Bar Sauma, wani malamin Kirista haifaffen yankin Beijin, ya gana da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila a Bordeaux. Don haka ba abin da zai hana sulen Song ya isa Ingila a ƙarni na 13 ko na 14 cikin jakar wani ɗan kasuwa. Hujjarta mai ƙarfi ce, amma iyakarta ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Sulallan biyu a saman ƙasar noma aka same su, ba su da shimfiɗar da za ta yi musu shaida, kuma sulen da ya faɗi a 1320 da wanda ya faɗi a 1920 ƙara ɗaya suke yi a kunnen mai na'ura.

Mai na'ura zai ce tsintuwa ba sata ba. Shi ya sayi kayan aikinsa, shi ya nemi izinin mai gona, shi ya sha sanyi da taɓo, masanan da ke zaune a ofis ba su san da abin ba kafin ya tono shi. Ina ruwansu da rabonsa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma dokar da ta hana mai tsintuwa ladansa tana koya masa ɓoyo ne kawai. Amma ko a fiƙihu tsintuwa tana tafe da cigiya, dukiyar da aka binne tun jahiliyya ma, wadda ake kira rikazi, ana fitar da humusinta, domin abin da ƙasa ta ɓoye ba ya zama na mutum ɗaya ɗungurungum. Dokar Ingila ta 1996 ta bi hanya mai kama da haka: wanda ya samu abin da ya shiga ma'anar taska, kamar sulallan azurfa ko zinariya biyu ko fiye da suka haura shekara 300, dole ya sanar da hukuma cikin kwana 14, in gidan tarihi na so ya biya kuɗin kasuwa, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. A Janairun 2007 wani uba da ɗansa suka tono wani kofin azurfa cike da kaya kusa da Harrogate. Ba su zazzage shi ba, suka miƙa shi yadda yake. Masana a Gidan Tarihin Birtaniya suka fitar da abin cikinsa ɗaya bayan ɗaya, tarin ya kai sulalla 617, cikinsu har da dirhaman Samarƙandi, kuma sabon sulen da ke ciki na Sarki Athelstan ya nuna an binne shi wajen 927 ko 928, daidai lokacin da sarkin ya ƙwace Yok daga hannun Baikin. An yi wa tarin kuɗi sama da fam miliyan 1. Shekara takwas bayan haka wasu mutum biyu suka tono wani tari na ƙarni na 9 kusa da Leominster, suka ɓoye, suka shiga sayarwa a ɓoye. Hotunan da 'yan sanda suka farfaɗo da su daga wayar ɗayansu sun nuna sulalla kimanin 300. Lokacin shari'a a 2019 kimanin 30 kacal aka samu. An yanke wa ɗaya hukuncin ɗaurin shekara 10, ɗayan shekara 8 da rabi. Ɗaurin bai dawo da tarin ba. Ko wane irin kuɗin gabas ne a cikinsa, ko wanne ne sabon sulensa, an watsa amsar cikin aljihunan dillalai.

Daga ɗaya ɓangaren kuma, masanan tono da yawa suna ganin wannan labari na biyu shi ne ainihin fuskar sana'ar, don haka a haramta na'urar ga kowa sai mai lasisi. Suwidin ta bi wannan ra'ayi, ba a amfani da ita a can sai da takardar izinin hukuma, kuma wanda ya san yadda ɓarayi suka addabi Gotland ba zai ga laifinta ba. Mu ma mun ga abin da haƙa ba bisa ƙa'ida ya yi wa gumakan Nok a shekarun 1990, inda aka kwashe ɗaruruwa zuwa kasuwannin Turai ba tare da an san ramin da ko ɗaya ya fito ba. Duk da haka ban yarda haramci ne magani a ko'ina ba. Yawancin abin da na'ura ke ji yana cikin ƙasar da garmar tarakta ta riga ta juya sau ɗaruruwa. Sulen da ke can ba a ajiye yake cikin aminci yana jiran masana ba. Ƙarfen garma yana lanƙwasa shi, takin zamani yana cin sa kowace damina, kuma babu jami'ar da ke da ma'aikatan da za su taka kowace gona. Denmak ta bar mutane su yi nema, ta wajabta miƙa abin da ke da muhimmanci ga gidan tarihin ƙasa a biya lada, kuma wurare da dama na zamanin Baikin ta wannan hanya aka san su.

Torksey ta fi kowane misali nuna abin da ake samu idan an bar masu na'ura amma an jawo su jiki. Tsohon kundin tarihin Ingila ya ambata a taƙaice cewa babbar rundunar Baikin ta yi zaman hunturu a can, bakin kogin Trent, daga 872 zuwa 873, amma ba wanda ya san takamaiman wurin. Masu na'ura ne suka yi shekaru suna tsintar ƙananan abubuwa a wasu gonaki arewa da ƙauyen: duwatsun awo, da 'ya'yan dara na dalma, da gutsattsarin dirhami sama da 100, wasu ba su kai farce girma ba. Babu ɗaya a cikinsu da zai sayi abin kirki. Da masana Dawn Hadley da Julian Richards suka haɗa bayanan inda aka samu kowanne, suka ɗora a taswira, sai ga sansani mai faɗin hekta 55, wanda ya fi garuruwan Ingila da yawa na lokacin girma, ana ƙira a cikinsa ana ciniki da awo. Dirhaman da suka fi sabunta na shekarun 860 ne, wato azurfar da aka buga a daular Abbasiyawa ta ratsa Rasha da Baltik ta iso gabashin Ingila cikin abin da bai wuce shekara goma ba. Ƙasar noma ba ta da shimfiɗa, gaskiya ne, amma tana da wuri, kuma wuri ma shaida ne idan an rubuta shi.

Saura mai cewa to sule ɗaya tilo fa, irin na Buriton, wanda an riga an yarda ba ya tabbatar da komai, me za a samu don an rubuta shi? Dokar Ingila ma ba ta tilasta sanar da sule guda ba a mafi yawan lokuta. Shirin rubuta tsintuwa da aka fara a 1997 na sa-kai ne, duk da haka ya tara bayanan abubuwa sama da miliyan 1 da rabi. Amfaninsa shi ne mai tsintuwa ba ya iya sanin ko nasa shi ne na farko a jeri. A 2014 wani mai na'ura ya tono ɗan ƙaramin sulen azurfa mai rubutun Larabci a wata gonar 'ya'yan itatuwa a Middletown ta jihar Rhode Island a Amurka. An buga shi a Yaman a 1693. Shi kaɗai, ana iya cewa wani matafiyi ne na baya-bayan nan ya yar. Sai wasu irinsa suka riƙa fitowa a Massachusetts da Connecticut da Karolina ta Arewa, fiye da goma, duk na ƙarshen ƙarni na 17, a lokacin da mazauna waɗannan yankuna ba su da cinikin kai tsaye da Bahar Maliya. A Satumban 1695 ɗan fashin teku Henry Every ya tare jirgin Ganj-i-Sawai na Sarki Aurangzeb na Indiya, wanda ke komawa Surat ɗauke da alhazai da dukiya, ya yi ta'asa a cikinsa, daga nan shi da mutanensa suka tsere zuwa Bahamas suka warwatsu, wasu suka shiga yankunan Amurka. Masu binciken sulallan suna ganin ganimar jirgin ce mutanen Every suka kashe a can. Wasu masana sun ce za su iya zuwa ta hannun wasu 'yan fashin ko masu safarar bayi da ke zirga-zirga zuwa Madagaska a shekarun nan, kuma har yanzu ana muhawarar. Kowane ɓangare da taswirar wuraren da aka samu sulallan yake kafa hujja, taswirar da ba za ta samu ba da a ce mutum na farko ya goge nasa ya jefa a kwalba.